Akushi a Tsakiyar Falo

Sau biyu Jaratu ta yi wa mutumin da ke tsaye a bakin ƙofa sallama, bai amsa ba. Ta gyara ƙunshin da ke kanta, ta matsa kusa za ta yi ta uku, sai ta ga ashe ba mutum ba ne. Ƙarfe ne. An ɗauki tankin babur an yi masa ƙirji, an lanƙwasa sarƙa an yi haƙarƙari, kansa tsohuwar fitilar mota, ga hannu ɗaya a miƙe kamar mai jiran sadaka. Ta waiga ko wani ya gan ta. Babu kowa sai motoci huɗu a jere jikin katanga. Ta yi tsaki, ta raɓa ta gefensa ta shiga sabon gidan ɗanta na Madawa.

Tun bayan asuba ta baro Tabotaki. Motar 'yan kasuwa ta kawo ta Buza a kan buhunan wake, wata ta ƙaraso da ita. Ba buɗe gida ta zo ba, ba ta ma san yau ake yinsa ba. Akushinta ta zo karɓa.

Jaratu ce mai wankan gawar mata a unguwarsu, aikin da ta gada wurin uwarta, ita ma uwar wurin tata uwar. Tare da aikin ta gaji wani baƙin akushi, babba, mai zane a baki, wanda a cikinsa ake haɗa ruwan ƙarshe, ruwan kafur. Ba a cin abinci a ciki, ba a aronsa, ba a barin yara su gan shi. A kife yake zama ƙarƙashin gado, naɗe da tsohon zane, sai ranar aikinsa. Da damina ɗanta Mansur ya je garin tana gona, ya leƙa ƙarƙashin gado yana neman tsofaffin kaya, ya yi gaba da shi, ya bar mata koriyar roba sabuwa fil. Sau biyu tana aikawa a ce masa ya maido. Karon farko ya aiko da ƙarin roba biyu, na biyu ya aiko da turmin atamfa. A tunaninsa mazubi tsohuwa take nema.

Da wani ɗan ne, da tuni ta kira shi ta yi masa tatas. Amma Mansur ɗan fari ne. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama hira da shi ba. Tun yaye yayanta ya ɗauke shi zuwa birnin Tawa, can ya yi lakwal, wato karatun boko, can ya zama mutum. Shekara talatin da takwas, maganar da ta shiga tsakaninsu ba ta wuce sannu da zuwa da a gaida gida ba. To ta ina za ta fara yi masa zancen gawa, kuma ta bakin ɗan aike?

Da ta haƙura ma, don mata biyun da suka rasu tun damina da sabuwar ƙwarya ta wanke su, Allah bai ce sai da akushi ba. Salamatu ce ta tayar da ita, ƙawarta tun suna 'yan mata, wadda yau kwana uku ko kunu ba ya wuce mata. Jiya ta kamo hannun Jaratu ta ce, "Da akushin ga innarki ta wanke innata. Kada ki wanke ni da abin kasuwa." Jaratu ta ce to. Alkawari kuwa kaya ne, shi ya hau da ita motar wake.

A tsakar gida Khairiyya, matar Mansur, ta tarye ta da gudu-gudu, cikinta na fari ya turo gaban riga. Ta durƙusa har ƙasa.

"Inna, ke ce da rana haka? Ai da kin ce a turo mota."

"Tashi, ɗiyata, tashi, ba a durƙuso da kaya irin naki. Ƙaƙa nauyin jiki?"

"Da godiya, Inna. Kin ko zo a sa'a, yau munka kira mutanen buronsu, abokan aikinshi, su ga gida."

Ta kai hannu za ta karɓi ƙunshin, Jaratu ta hana. Ta bi bayanta suka shiga falo, don ta nan ake ratsawa zuwa ɗakunan ciki. Sanyin na'ura ya fara dukan ta, sannan ido ya ga abin da ya gani. An sha ba ta labari wai ɗanta yana tara gumaka, tana cewa sharrin mutane ne. Gani ya kori ji.

Hagu da dama mutane ne a tsaye, ba ko ɗaya mai rai. Ga wani kan yumɓu a cikin akwatin gilashi, hanci a gutsure, ido a kumbure, ƙasar da aka tono shi ciki har yanzu tana maƙale a kunnensa. Ga wata mace ta itace, doguwa, tsirara haihuwar uwarta, nonuwa a tsaye kamar za su tsone wa mutum ido, an ajiye ta daidai inda duk mai shigowa zai fara cin karo da ita. Ga wasu tagwaye gajeru masu ƙaton ciki. Ga akuyar da aka haɗa da cokula da ƙusoshi. Jaratu ta kau da ido. A ce gidan da ake kiran salla a bayansa, gidan jikan Malam Yaƙubu, shi ne wannan. Ta ja mayafi ta rufe hanci, ko da yake ba abin da ke wari.

Sai ta gan shi. A tsakiyar falon, kan wani farin dandamali da ya kai ƙugu, da fitila a samansa tana haska shi da rana tsaka. An shafe shi da mai yana ta ƙyalli. Kuma a cike yake da dabino, har ya yi tozo.

Ƙafarta ta tsaya cak.

"Kin gane shi ko, Inna?" Khairiyya ta ce tana murmushi. "Shi ne sarkin ɗakin ga. Duk Juma'a da hannunshi yake shafa mishi man zaitun." Ta ɗauki dabino ɗaya daga ciki, ta shinshina, ta jefa a baki. "Ni ko tun da cikin ga ya shiga ba ni son ƙamshin komi, ko turarena ba ni so. Amma dabinon da ya kwana cikin akushin ga, wani ƙamshi yake ɗauka mai sanyi. Shi kaɗai ke zamna mini."

Jaratu ta tsaya tana kallon ta tana taunawa. Ta san ƙamshin. Shekara da shekaru itacen yana shan kafur. Ta tuna hannunta yana fita daga jikin mamaciya ya koma cikin akushin, ya fito ya koma, na matar da ta mutu wurin haihuwa, na tsohuwar da ta kwana biyu a ɗaki ba a sani ba. Ta buɗe baki, idonta ya sauka kan cikin yarinyar, ta rufe. Mai cikin fari ba a tsorata ta. Ta taɓa ganin wadda labari kawai ta ji, kafin la'asar jini ya ɓalle mata.

"Ki rage cin dabino, ɗiyata," kawai ta ce. "Zaƙi ba shi da kyau ga mai ciki."

A ɗakin ciki aka shimfiɗa mata darduma, aka kawo ruwa da fura da wani abinci mai ganye ɗanye a kai. Ko ruwan ba ta iya sha ba. Can sai ga Mansur ya shigo cikin farar shadda, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna nesa da ita. Ta kau da kai wajen bango kamar yadda ta saba.

"Inna, kun zo lahiya? Ya mutanen gida?"

"Lahiya lau." Ta dubi Khairiyya. "Ki ce mishi akushin na zaka ɗauka."

Mansur ya yi 'yar dariya, irin ta wanda ya san abin da tsofaffi ba su sani ba. "Inna, robobin ba su yi ba? In na ƙarhe kike so, sai in sa a kawo daga Yamai. Shi wanga ba na aiki ba ne yanzu, kayan tarihi ne. Can ƙarƙashin gado gara za ta cinye shi. Nan ko kowa ya shigo sai ya tambaye shi."

"Ki ce mishi yau nika komawa da shi."

"To, Inna, naki ne, ban hana ba. Amma ki bari baƙin ga su tahi. Shugabanmu na foroje, can wurin aiki, Mushe Hafizu, tun daga Yamai ya zo, kuma tun da ya shigo ba abin da yake kallo sai shi. In anka ɗauke yanzu, mi zan ce? Ki ba ni zuwa la'asar." Ya gyara tsuguno. "Ya ma ji kin zo, shina son ya gaishe ki."

Ta so ta ce a'a. Amma a falon ne akushin yake, kuma ta fi son idonta ya kasance a kansa. Ta ɗauki ƙunshinta ta bi su.

Maza bakwai ne da mata biyu, kowa da kofi a hannu. Suka gaishe ta da ladabi, aka ba ta kujera mai laushin da ta nutse a ciki har gwiwoyinta suka kusa taɓa haɓarta. Daga nan ta zauna tana kallon ɗanta yana zagayawa da su gunki-gunki, kamar mai nuna 'ya'yansa. Wannan kan yumɓun, in ji shi, ya girmi kakan kakan kowa a ɗakin, a gona aka tono shi. Jaratu ta ce a ranta, wanda ya binne shi ai ba mahaukaci ba ne. Macen itacen daga Kwatano ya sayo ta, aikin zamanin kakanni. Akuyar cokula da mai gadin ƙofa kuwa na yau ne, wani matashi ke ƙera su a Yamai. Gwaninta, in ji shi, ita ce a haɗa na da da na yanzu a ɗaki ɗaya su yi magana da juna. Baƙi suka gyaɗa kai. Ita dai ba ta ji suna cewa komi ba, kuma ta gode wa Allah da hakan.

Mushe Hafizu, wato Malam Hafizu a bakin masu Faransanci, gajere ne mai ƙiba, da tabarau a goshi maimakon a ido. Bai bi zagayen ba. Yana tsaye jikin farin dandamalin, hannu ɗaya yana shafa bakin akushin, ɗayan yana kai dabino baki. Ya tara ƙwallaye a tafinsa sun kai goma.

"Hajiya," ya ce, "ni duk kayan ga, wannan ne ya kama ni. Sauran saye anka yi, wannan ko na gida ne. Dubi yadda cikinshi ya yi sulɓi. Wannan ba mai ba ne ya yi shi, hannu ne. Hannun mata nawa ya shiga nan?"

"Da dama," in ji Jaratu.

"Tuwo ake ci a ciki, ko hura?"

Duk ɗakin aka juyo ana jiran ta. Mansur yana murmushi, yana alfahari da tsohuwarsa ta ƙauye kamar ita ma daga gona aka tono ta. Kalma ɗaya za ta faɗa, kowa ya nemi inda zai tofar. Ta dubi ɗanta cikin farar shaddarsa, a gaban mutanen da yake ci a ƙarƙashinsu. Ta dubi Khairiyya a bakin ƙofa da faranti. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

"Ruwa aka zubawa," ta ce.

"Ruwa," Mushe Hafizu ya maimaita, kamar an ba shi wata babbar hikima. Ya sunkuya ya cusa hanci cikin akushin ya ja numfashi. "Shi ya sa. Akwai wani ƙamshi nan, na san shi, amma na rasa inda na san shi." Ya dangwali gefen da dabino ya yi danƙo, ya lashe yatsa.

Jaratu ta sunkuyar da kai ta ƙura wa daɓen ido. Ƙyama ta cika ta har ba ta san wa take ƙyama ba, shi, ko ɗanta, ko ita kanta da ta zauna ta yi shiru ana lasa. Rashin sani ya fi dare duhu, amma ita da ta sani fa? Wata daga cikin matan ta ɗebi guda uku ta ƙulle a hankici, wai za ta kai wa yaranta.

Ana cikin haka salula ta yi ƙara a gefen zanenta. Ta kwance ƙullin da ƙyar, ta danna koren maɓallin, shi kaɗai ta sani. Muryar Fiddausiya ce, 'yar Salamatu, a dashe.

"Inna Jaratu, Inna ta cika. Yanzu, bayan azahar."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Maza sun tahi gina. Sun ce kahin magariba za a kai ta. Matan sun ce ko a samu wata ta yi wankan, tunda kina nesa."

"Kada wadda ta taɓa ta. Ki ɗora ruwa, ki sa a ɗebo ganyen magarya. Ga ni nan."

Ta mayar da salular ta ƙulle. Ba ta yi kuka ba, mai wanka ba ta kuka sai ta gama. Ta dafa hannun kujera ta fito daga cikinta, ta kwance ƙunshin da ta zo da shi. Koriyar robar ce a ciki, ko takardar da ke manne a gindinta ba a ɓamɓare ba. Ta ratsa tsakanin baƙi ta isa dandamalin.

"Gafara, Mushe."

Ya matsa. Ta ɗaga akushin da hannu biyu, ta juye dabinon cikin robar, ta ƙwanƙwasa gindinsa har na ƙarshe ya faɗo. Ta ɗora robar a kan farin dandamalin, daidai ƙarƙashin fitila. Ta goge cikin akushin da gefen mayafi, ta naɗe shi a zanen, ta ɗora a kai.

"An yi muna rasuwa a gida," ta ce da su. "Ku yi haƙuri. Allah shi sa albarka ga gida."

Suka shiga yi mata ta'aziyya a ruɗe, ba wanda ya ga haɗin rasuwa da akushi. Ta wuce macen itace, ta wuce kan yumɓu, ta fita.

A bakin ƙofar gida ya cim mata, jikin mutumin ƙarfe. Fuskarsa ta yi ja, muryarsa ƙasa-ƙasa don kada a ji daga ciki. Akwai rabin dabino a hannunsa, ya manta da shi.

"Inna, Allah shi jiƙan wadda ta rasu. Amma mi ya haɗa wannan da wancan? La'asar kawai na roƙa. Gaban shugabana, Inna. Roba kan wurin, kowa na kallo."

Ba Khairiyya a kusa, ba ɗan aike, ba bangon da za ta juya wa fuska. Jaratu ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, ta ga ashe har ya fara furfura a gefen kunne.

"Mansur."

Ya yi kamar an watsa masa ruwa. Bai taɓa jin sunan a bakinta ba.

"Ka san aikin da nika yi a Tabotaki?"

"Na san kina... ana kiran ki in mace ta rasu."

"To cikin wanga nika haɗa ruwan kafur. Da shi anka wanke kakarka. Da shi na wanke duk macen da ta mutu unguwarmu tun kahin a yaye ka. Yanzu Salamatu na kwance tana jira nai."

Bakinsa ya ɗan buɗe. Ya dubi ƙunshin da ke kanta, ya dubi rabin dabinon da ke hannunsa. Ya juya da sauri ya dafa kafaɗar mutumin ƙarfe, ya sunkuya, ya daɗe a haka. Ta tsaya tana kallon bayansa, tausayi yana so ya shigo, ƙyamar ba ta gama ba shi wuri ba.

"Khairiyya," ya ce da ƙyar, bai ɗago ba. "Kullum sai ta..."

"Ba za ta ji ba sai ta sauka lahiya. Ko bayan nan ba dole. Su ma na ciki ka bar su da abin da sunka ci, ba ya kashe kowa."

Ta taga muryar Mushe Hafizu ta fito, yana ce wa wani ai robar ma a wurin ta ba da wata ma'ana, tsoho ya tafi, sabo ya hau. Aka yi dariya, wani ya tafa.

"Rana na tahiya," in ji Jaratu. "Motar kasuwa ba ta kai ni kahin magariba."

Ya miƙe, ya goge baki da hannun farar shaddar, ya laluba aljihu ya fito da makulli. Bai koma ya yi wa baƙi sallama ba. Ya buɗe mata ƙofar mota, sai ya ga ba za ta iya shiga da kaya a kai ba. Ya miƙa hannu zai karɓa, kamar yadda kowane ɗa zai yi, hannun ya tsaya a hanya. Wata uku yana shafa shi da mai duk Juma'a, yanzu yatsunsa sun ƙi ƙarasawa.

Ta sauke akushin daga kanta ta tura masa a ƙirji.

"Riƙe. Ka riƙe shi da kyau, ka san nauyinai. Ranar tawa, kai za ka miƙa ma mai wanka."

Ya karɓa da hannu biyu. Ta tattara zanenta ta shiga mota, ta zauna, sannan ta miƙo hannu ya ba ta.